Sansani ko Cikin Gari: Ina Ya Fi Dacewa a Sauki 'Yan Gudun Hijira?

Idan yaƙi ya ɓarke, jama'a suka kwashi 'ya'yansu da ɗan abin da kai zai iya ɗauka suka tsallaka iyaka, gwamnatin da suka faɗo wa ba ta samun sararin dogon nazari. Cikin 'yan kwanaki za ta yanke inda za ta sauke su, kuma shawarar nan da aka yanke a gurguje ita ce ke bin mutane shekara ashirin ko talatin. Hanya biyu ce a gabanta. Ko dai ta share fili nesa da gari ta kafa tantuna, ƙungiyoyin agaji su zo da asibitinsu da makarantarsu da buhunan abincinsu. Ko kuma ta bar baƙin su zauna cikin jama'a, ta ba su takardu, yaransu su shiga makarantar gwamnati, marasa lafiyarsu su je asibitin da kowa ke zuwa, sannan a nemo kuɗin faɗaɗa waɗannan wurare. Duk mai ta cewa a wannan harka, jami'in gwamnati ne ko shugaban al'umma ko ma'aikacin agaji ko mai ba da kuɗi, ya kamata ya san abin da kowace hanya ke haifarwa kafin ya sa hannu.

Akwai dai abin da ba ya cikin zaɓi. Sashe na 33 na Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951 ya hana a mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta ƙara faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira, ta shigar da duk wanda mamaya ko wani babban tashin hankali ya kora daga ƙasarsa. Ita ta 1951 ɗin ta kuma yi maganar karatun firamare daidai da na ɗan ƙasa, da damar neman aiki, da zirga-zirga, da kai ƙara kotu. Ƙasashe da yawa sun sa hannu amma suka keɓe wasu sassan suka ce ban da su, wasu kuma, irin su Labanon da Jodan da Bangaladesh, ba su sa hannu ba ko kaɗan duk da ɗimbin mutanen da suka karɓa.

Mu fara da sansani, kuma mu yi masa adalci, domin ba don mugunta aka ƙirƙire shi ba. A watan Agustan 2017 da watannin da suka biyo, 'yan Rohingya sama da 700,000 suka kwararo daga Myanmar zuwa yankin Cox's Bazar na Bangaladesh. Babu garin da zai haɗiye irin wannan taro cikin makonni. A irin wannan hali abin da ke ceton rai lissafi ne tsantsa: aƙalla lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, masai ɗaya ga mutum 20, abinci mai kalori 2,100, da allurar ƙyanda ga yara tun kafin cutar ta ɓulla. Idan mutane na wuri ɗaya, tankar ruwa ta san inda za ta tsaya, mai rigakafi ya san layin da ya bi da wanda bai bi ba, yaron da ya rabu da iyayensa a hanya akwai tebur ɗin da za a kai shi a rubuta sunansa. Sansani yana kuma ba da damar janye mutane daga bakin iyaka, inda waɗanda suka koro su za su iya biyo su, abin da yarjejeniyar 1969 ma ta nema. Sannan, gaskiyar da ba a cika son faɗa ba, tantuna jere a fili suna fitowa a hoto, kuma hoto na jawo kuɗin agaji. Iyalin da ya raɓe a ɗaki guda a bayan gari ba ya shiga labarai.

To amma cunkoson da ke sauƙaƙa rabon ruwa shi ne kuma ke sauƙaƙa wa annoba. A Yulin 1994, bayan kisan ƙare dangi na Ruwanda, ɗaruruwan dubban mutane suka taru a Goma da ke gabashin Kwango, amai da gudawa da atuni suka kashe kusan mutum 50,000 a watan farko kaɗai. Bayan haka waɗanda suka jagoranci kisan suka karɓe ragamar sansanonin, su ke riƙe da rabon abinci, daga ciki suke shirya hare-hare. Wanda ya ce sansani ya fi tsaro, to a tambaye shi wa ke mulkinsa idan rana ta faɗi, bayan ma'aikatan agaji sun koma masaukinsu.

Babbar illar sansani ma ba a watan farko take bayyana ba. An buɗe Dadaab a arewa maso gabashin Kenya a farkon shekarun 1990 saboda 'yan Somaliya, an tsara shi don mutum 90,000. A lokacin yunwar 2011 ya haura 400,000. Kakuma, a yankin Turkana, tun 1992 yake. A duka biyun akwai waɗanda aka haifa a ciki, suka yi aure a ciki, suka haihu a ciki, kuma idan suna son zuwa Nairobi sai sun nemi takardar izinin fita. Matashi ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya dawo ya zauna a ƙofar ɗaki, saboda izinin aiki ya fi ƙarfinsa. Wanda ya yi sa'a ya samu koyarwa ko aikin jinya a ƙarƙashin ƙungiyar agaji, ɗan ihsani ake ba shi, ba albashi ba, alhali abokin aikinsa ɗan ƙasa da suke aji ɗaya yana karɓar ninkin-ba-ninkin nasa. Mutumin da a garinsu manomi ne ko maƙeri ko ɗan kasuwa, mai ciyar da gida, ya koma mai riƙe da kati yana bin layin awo wata-wata. Wannan zubar da mutunci ne, kuma asarar ƙarfi da basira ce ga ƙasar da ta sauke shi.

Sai batun wanda ke riƙe da igiyar. Komai na sansani, daga maganin zazzaɓi zuwa allin malami, ya rataya ne a kan kuɗin da wasu ƙasashe masu nisa ke ga dama su bayar kowace shekara. Ranar da wani sabon yaƙi ya ɗauke musu hankali, ko siyasar cikin gidansu ta juya, sai awo ya ragu. An gani ƙuru-ƙuru a 2025, lokacin da Amurka da wasu ƙasashen Turai suka zaftare tallafi: a Kakuma abincin da ake rabawa ya koma ƙasa da rabin abin da jiki ke buƙata, har mutane suka fito zanga-zanga. Wanda aka hana noma da fatauci, aka kuma rage masa awo, ina aka ce ya nufa?

Akwai kuma maƙwabta. Galibi ana kafa sansani ne a yankin da gwamnati ta daɗe da mantawa da shi, domin a can ake da filin da babu mai jayayya a kai. Sai ɗan yankin ya wayi gari ya ga rijiyar burtsatse da asibiti mai likita a cikin shingen sansani, shi kuwa matarsa tana tafiyar rabin yini neman ruwa. Ga itatuwan dajinsa suna ƙarewa a murhun baƙi. Ko a nan ɗin ma labarin ba fuska ɗaya gare shi ba: binciken da Bankin Duniya ya fitar a 2016 ya nuna kasancewar Kakuma ta ƙara wa tattalin arzikin Turkana, saboda ciniki da ayyukan da suka taso a kewayensa. Idan mutanen da aka ɗaure wa hannu sun iya rayar da kasuwa har haka, sai a kwatanta abin da za su yi da an sake su.

Yanzu ga ɗaya hanyar. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Gini a shekarun 1990. Da yaƙe-yaƙen Laberiya da Saliyo suka koro ɗaruruwan dubban mutane, da farko ba a killace su ba; sun bazu cikin ƙauyukan yankin daji na kudancin ƙasar, inda da yawansu ke da dangi da harshe ɗaya da mutanen wurin. Maimakon a gina musu asibitoci na daban, sai aka zuba kuɗin agajin cikin asibitocin gwamnatin Gini: aka ƙara ɗakunan shan magani, aka gyara hanyoyi, aka samar da motocin ɗaukar marasa lafiya. Masu binciken da suka bibiyi lamarin sun gano cewa matan Gini su kansu, a wuraren da baƙin suka fi yawa, sun fi samun tiyatar haihuwa ta ceton rai fiye da da. A duba wannan da kyau. Mace ce naƙuda ta tsananta mata cikin dare, jariri ya zo a karkace, ungozoma ta yi iya yinta ta ce sai asibiti. Abin da zai raba ta da mutuwa shi ne a samu mota, hanya ta zama mai biyuwa, a tarar da ɗakin tiyata mai wuta da likita. Idan an gina waɗannan a cikin tsarin ƙasa, babu mai tambayar ta ko baƙuwa ce ko 'yar gari, kuma ranar da baƙi suka koma gida asibitin yana nan. Na sansani kuwa, ranar da ƙungiya ta naɗe tabarmarta, sai gini ya zama kango.

A ɓangaren ilimi bambancin ya fi fitowa fili. 'Yan Darfur da suka shiga gabashin Chadi daga 2003 sun shafe shekaru suna karatu da manhajar Sudan a sansanoni, jarrabawarsu kuma tana hannun ƙasar da suka gudo daga cikinta. A 2014 aka mayar da makarantun kan manhajar Chadi, a 2018 kuma gwamnati ta amince da su a matsayin makarantunta. Iyaye da yawa ba su so ba da farko, suna ganin kamar an ce musu su cire rai da komawa gida, kuma damuwarsu abin saurare ce. Amma yaro yana buƙatar takardar shaidar da za ta buɗe masa ƙofar jami'a ko aiki a inda yake tsaye yau. Turkiyya ma, wadda a wani lokaci ta riƙe 'yan Siriya sama da miliyan 3.5, ta fara da cibiyoyin karatu na wucin gadi da Larabci, daga 2016 ta riƙa rufe su tana mayar da yaran makarantun gwamnati. Yaran da suka shiga tun suna ƙanana sun kama harshen da sauri. Manyan ne suka sha wuya, wasu suka bar karatun suka kama aikin ƙarfi. Darasin shi ne duk inda harshe ya bambanta, a tanadi ajin share fage da malamai daga cikin baƙin, in ba haka ba suna zai kasance a rajista amma kujera ba kowa.

Wasu ƙasashen sun yi abin a fuskar takardu, ya kuma yi tasiri. A Fabrairun 2021 Kolombiya ta sanar da izinin zama na shekara 10 ga 'yan Benezuwela, wanda ya ba su damar aiki da shiga tsarin lafiya da buɗe asusun banki, kusan mutum miliyan 2 suka samu. A Maris na 2022 Tarayyar Turai ta yi wa 'yan Yukren irin haka cikin 'yan kwanaki da fara yaƙi, ba tare da sansanoni na dindindin ba. Tanzaniya ta wuce nan, inda a 2014 ta ba 'yan Burundi kimanin 162,000, waɗanda suka zo tun 1972 da zuriyarsu, takardar zama 'yan ƙasa, ko da yake ita ɗin ce kuma ta ci gaba da killace waɗanda suka zo daga baya.

Kada a ɗauka zama cikin gari aljanna ce. Labanon ba ta yarda a kafa wa 'yan Siriya sansanoni na hukuma ba, amma kuma ba ta shigar da su tsarinta yadda ya kamata ba. A 2015 ta sa aka dakatar da yi musu rajista, ta ɗora kuɗin sabunta izinin zama dala 200 a shekara kan kowane baligi, sai mafi yawansu suka koma zaune ba bisa ƙa'ida ba. Mutumin da ba shi da takarda yana tsoron shingen bincike, don haka sai ya tura ɗansa ƙarami aiki, tunda yaro ba a tare shi. Mai gida ya ƙara masa haya, ba inda zai kai kuka. Ya yi aiki a hana shi kuɗinsa, haka zai haɗiye. A shekarun 2020 da 2021 kusan tara cikin goma na iyalan 'yan Siriya a ƙasar suna cikin matsanancin talauci. Wannan ba shigarwa ba ce, sakaci ne, kuma ta wasu fuskokin ya fi sansani muni, domin a sansani aƙalla an san kana nan.

Nauyin da ke kan 'yan gari ma gaskiya ne, bai kamata a kira duk mai ƙorafi mai ƙin baƙi ba. Haya na tashi. Ɗan ƙwadago ya tarar da wanda zai yi aikinsa a rabin kuɗi. Ajin da ke da ɗalibi 50 ya koma 100. A Jodan da Labanon sai da aka raba makarantu gida biyu, 'yan ƙasa da safe, 'yan Siriya da rana, malami ɗaya ya yi duka biyun ya koma gida a gajiye. Idan aka bar wannan ɓacin rai ya taru, ɗan siyasa zai zo ya hura shi. A Ginin nan da na yaba, a Satumban 2000, bayan hare-haren kan iyaka, Shugaba Lansana Conté ya fito ya zargi 'yan gudun hijira da haɗa baki da 'yan tawaye, aka far musu a Konakiri da wasu wurare, aka ci zarafin mata da yawa. A Turkiyya an kai wa gidaje da shagunan 'yan Siriya hari a Ankara a 2021 da Kayseri a 2024. Mutumin da ke zaune a tsakiyar gari ba shi da shinge. Kariyarsa doka ce da 'yan sanda masu adalci da maƙwabcin da zai tsaya masa.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wata hanya da ta cancanci a duba ta, wato buɗaɗɗen matsuguni. Yuganda ce ta yi fice a kai. Dokarta ta 2006 ta ba ɗan gudun hijira damar aiki da zirga-zirga da amfani da makarantu da asibitocin gwamnati, ana kuma yanka masa fili ya yi gida ya ɗan yi noma. Bidibidi, da aka buɗe a Agustan 2016 saboda 'yan Sudan ta Kudu, cikin watanni ya tara mutum kusan 270,000, ba tare da katanga ba. An kuma sa ƙa'idar cewa kashi 30 cikin 100 na ayyukan raya ƙasa da ake yi su tafi ga masu masaukin baƙi. Amma da yawan 'yan gudun hijira a ƙasar ya yi ta ƙaruwa, filayen suka ƙanƙance har wasu suka koma mita 30 sau 30, wanda ba ya ciyar da iyali. A 2018 kuma, da aka sake ƙidaya da hoton yatsu, aka tarar alƙaluman sun zarce gaskiya da kimanin 300,000, abin da ya taɓa amanar masu ba da kuɗi. A jihar Maradi ta Nijar an gwada wani salo daga 2019, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka koro mutane daga arewa maso yammacin Najeriya: aka janye wasunsu daga bakin iyaka zuwa matsugunan da aka jingina da garuruwa irin su Chadakori da Garin Kaka, ruwa da makaranta da asibiti kuma na kowa da kowa. Inda harshe da addini da sana'a suka zo ɗaya haka, killace mutane ba shi da wata hujja.

To wace za a ɗauka? Ni dai ga inda na tsaya. Sansani kamar ɗaurin karaya yake: ranar da ƙashi ya karye babu makawa sai shi, amma idan aka bar shi ya wuce lokacinsa, ƙafar ce za ta shanye. Idan dubun dubatar mutane suka shigo lokaci guda, ko ana tsoron annoba, ko mayaƙa sun saje da fararen hula sai an tantance, to a kafa wurin sauka. Amma tun ranar farko a kafa shi kusa da gari da kasuwa, kada a kewaye shi, a gina makarantar da asibitin a inda 'yan gari ma za su isa, bisa tsarin ma'aikatar ilimi da ta lafiya, a kuma rubuta ranar da za a miƙa su ga gwamnati. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, da kanta ta fitar da manufa a 2014 cewa sansani ya zama abin da ake komawa gare shi idan babu yadda za a yi, kuma na ɗan lokaci. Dama mafi yawan 'yan gudun hijirar duniya ba a sansani suke ba. Suna cikin birane da ƙauyuka, ko an shirya musu ko ba a shirya ba.

Da zarar zaman ya haura shekara guda ba alamar komawa, shigar da su tsarin ƙasa ya fi ta kowace fuska, da sharaɗin a haɗa shi da takardu da kuɗi. Takardu na nufin katin shaidar da ɗan sanda da banki da kamfanin waya duk za su karɓa, da takardar haihuwa ga duk jaririn da aka haifa, da izinin aiki na gaske. Jodan, bayan yarjejeniyar da ta ƙulla da masu ba da tallafi a Landan a Fabrairun 2016, ta buɗe wa 'yan Siriya izinin aiki, amma galibi a noma da gini da masana'antu, likita da injiniya suka ci gaba da zama a gefe.

Kuɗin kuwa shi ne wurin da alkawari ya fi karyewa, kuma a nan ina tare da ƙasashen da ke ɗari-ɗari. Kusan bakwai cikin goma na 'yan gudun hijira suna zaune ne a ƙasashe matalauta ko masu matsakaicin ƙarfi, waɗanda nasu 'ya'yan ma ba su wadatu da aji da gado a asibiti ba. Yarjejeniyar duniya kan 'yan gudun hijira da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Disamban 2018 ta yi alkawarin raba nauyi, Bankin Duniya kuma ya ware dala biliyan 2 daga 2017 don 'yan gudun hijira da masu masaukinsu, amma yarjejeniyar ba ta tilasta wa kowa biyan ko sisi. Ministan kuɗi yana da gaskiya idan ya ce: yau kun gina mini aji, gobe kun tafi, wa zai biya malamin? Don haka kafin gwamnati ta karɓi makarantu da asibitoci, ta nemi alkawarin shekaru da yawa a rubuce, kyauta ba bashi ba, wanda ya haɗa da albashi da magani, ba gini kaɗai ba. Ta kuma sa baƙin cikin ƙidayar da ake raba kasafi da ita, domin ƙaramar hukumar da jama'arta suka ninka ba za ta rayu da kason da ba.

Kenya ce yanzu ke gwada sauya sheƙa daga sansani zuwa shigar da baƙi cikin tsarin ƙasa. Ta yi sabuwar dokar 'yan gudun hijira a 2021, a Maris na 2025 kuma Shugaba William Ruto ya ƙaddamar da shirin Shirika, da nufin mayar da Dadaab da Kakuma garuruwa na gama-gari a ƙarƙashin hukumomin yankunansu. Shirin ya zo daidai lokacin da tallafin waje ke janyewa, wasu shugabannin yankunan kuma suna ƙorafin ba a tuntuɓe su yadda ya kamata ba. Abin da za a sa wa ido shi ne ko za a daina neman takardar izinin fita daga hannun wanda aka haifa a Kakuma, ko izinin aiki zai samu cikin sauƙi, da kuma ko malaman makarantun can za su shiga jerin masu karɓar albashin gwamnati.